Zan je biki Daura da ɗan shekara biyu cikin zafin Afrilu, ina neman shawara

Maman Ɗan Yaye (Ƙofar Ƙaura, Katsina):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan yara. Yarona yana da shekara biyu da wata biyu, kilo 12 ya yi a awon ƙarshe, kuma an yaye shi wata huɗu ke nan. Yana tafiya har da gudu, amma maganarsa ba ta wuce kalma bibbiyu ba. Da dare da lokacin fita har yanzu pampas ake sa mashi.

Akwai bikin dangi a Daura tsakiyar watan Afrilu, kwana biyu za mu yi, kun kuwa san yadda rana take a lokacin. Wane lokaci ya fi dacewa a kama hanya? Me zan zuba a jaka wanda ba zai zame mani kaya ba, kuma ba zan rasa abin buƙata ba? Me zan ba shi a hanya da can gidan bikin? Sannan yaya ake tsare yaro mai ƙiriniya a gidan da ya cika da jama'a? Don Allah a yi mani dalla-dalla, da adadi in akwai. Na gode.

Anti Nas (Daura):

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin kyauta da kika faɗi nauyinsa, don lissafin ruwa da na magani duk a kansa suke.

Ki fara shirya lokaci kafin ki shirya jaka. Yaro mai wannan shekaru yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da barcin rana, kuma yawancinsu daga tashin safe ba sa wuce awa biyar ko shida ido biyu sai jiki ya fara neman kwanciya. Rigimar da ake gani a waje, mafi yawanta daga abu uku take fitowa: barci ya wuce lokacinsa, ciki ya ɗauki yunwa, ko zafi ya dame shi. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne. In kun tashi ƙarfe bakwai na safe, kafin tara kun sauka, rana ba ta buɗe ba, ya samu lokacin da zai saba da gidan kafin barcin azahar. In safiya ta kuɓuce, ku haƙura sai bayan la'asar. Daga sha ɗaya zuwa huɗu a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 har ya ɗara, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Ruwa: mai kilo 12 yana buƙatar kusan lita ɗaya da ɗan ɗori a yini, idan aka haɗa abin sha da ruwan da ke cikin abinci, ranar zafi kuwa ya fi haka. Ledar fiya wata rabin lita ce, sai ki auna da ita. Kada ki jira ya ce zai sha. Yaro in ya samu wasa mantawa yake da ƙishi, sai ki riƙa miƙa mashi kurɓi uku ko huɗu duk bayan minti ashirin zuwa talatin. Ki tafi da kofinsa da gorarsa da kika cika daga gida da ruwan da cikinsa ya saba da shi. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. In pampas ya yi awa shida a bushe, ko fitsarin ya yi ja da ƙarfin wari, ruwa ya yi mashi kaɗan. In kuwa ya kai ga kuka ba hawaye, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, ko ya yi laushi ba ya son wasa, wannan ya wuce na gida, asibiti za a nufa.

Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, don cikinsa ƙarami ne, ba ya riƙe abin da zai kai shi awa biyar. Na hanya ki zaɓi wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba maiƙo: ayaba, dafaffen dankali, burodi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa wanda za ki ɓare lokacin ci. In kunun gyaɗa ko koko za ki ɗauka, ki fara zuba tafasasshen ruwa a fulas ya yi minti biyar, ki zubar, sannan ki juye kunun yana tururi. Kunun da aka zuba da ɗumi-ɗumi shi ke tsami kafin azahar. Dafaffen abincin da ya yi awa biyu a buɗe a ajiye kada ki ba shi, a irin wannan zafin ma awa ɗaya ya isa. Wannan ya shafi shinkafar biki da aka zuba a manyan robobi tun hantsi, da miyar da ta huce, da awara ko alalar da ta wuni. Ki roƙi masu girki su ɗibar mashi daga tukunya tana kan wuta. Fura da nono, zoɓo da kunun aya na ƙulli, da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki ɗage mashi su har ku dawo.

Jaka biyu za ki yi. Babba ta shiga but, ƙarama ta zauna a jikinki. A ƙaramar: pampas huɗu, tsumma mai tsabta ko takardar goge jiki, ledoji uku na ƙazantar kaya, kaya canji biyu na auduga marasa nauyi, hula mai baki, zani ɗaya da zai yi shimfiɗa ya yi goyo ya yi inuwa, sabulu ɗan guntu, gorar ruwa da abin ci. Lissafin pampas na kwana biyu: ɗaya duk awa uku da rana, ɗaya na dare, ki ƙara huɗu saboda gudawa, ya kama wajen goma sha shida. A zafi kada ki bar jiƙaƙƙe a jikinsa, ki wanke da ruwa, ki bar wurin ya sha iska minti biyar, ki shafa basilin ko man kaɗanya.

Sai ƙunshin magani, kuma shi ne na fi so ki natsu a kansa. Fakitin gishiri da sukari na ORS guda uku, ƙwayar zinki, farasitamol na ruwa da sirinjinsa ko kofin awonsa, ma'aunin zafi, filasta, da katin rigakafinsa. Fakitin ORS iri-iri ne, ki karanta jikinsa. Na lita ɗaya a juye shi duka a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, ba a raba garin da ido. In ruwan ya yi kaɗan gishirin ya yi yawa, yana iya cutar da yaro. Bayan kowane zawo ki ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya, mil 100 zuwa 200, da cokali, a hankali. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. Zinki miligiram 20 ne sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu. In fakiti ya ƙare: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri a shafe.

Farasitamol ana lissafa shi miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo. Nasa ya kama 120 zuwa 180. In kwalbar ta ce miligiram 120 ko 125 a cikin mil 5, to mil 5 zuwa 7 za ki ba shi, tazarar awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Ki duba ƙarfin da aka rubuta a kwalbar kowane lokaci, don akwai mai ninkin wannan. Ban da asfirin. Kuma saukar zafin jiki ba warkewa ba ce: zazzaɓin da ya kai digiri 38 yana buƙatar gwajin maleriya a ranar. Afrilu kuma lokacin sanƙarau ne a ƙasarmu, don haka zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko yawan barcin da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ba a kwana da su a gida.

Abu guda da nake roƙo: kada kowa ya ba ki shawarar ɗura mashi maganin mura mai sa barci don ya yi shiru a mota. Yana danne numfashin ƙananan yara, wasu kuma maimakon barci sai ya birkita su.

Baban Yara (Rafin Daɗi, Katsina):

Hajiya, Anti ta gama da ɓangaren lafiya, ni zan tsaya a kan mota.

In motar gida ce, yaro a kujerar baya, ba gaba ba. Jakar iskar da ke gaban mota an yi ta ne don ƙirjin babba, in ta fashe a fuskar yaron da ke kan cinya illa ce babba. In akwai kujerar yara ta mota, ita ce daidai, a ɗaure ta har in an girgiza ba ta motsi, a ja maɗaurin har yatsa ɗaya ne kawai zai shiga tsakaninsa da ƙirjin yaron. In babu, ki zauna da shi a baya, ke ki ɗaura bel ɗinki, amma kada ki zagaya bel ɗaya ya haɗa ku biyu. In aka taka birki da ƙarfi, nauyinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin. A gefen ƙofar baya, wurin da take haɗuwa da jikin mota, akwai ɗan makunni ƙarami, in aka tura shi ƙofar ba ta buɗuwa ta ciki. A tura na ɓangare biyun, direba kuma ya kulle gilasai daga wurinsa.

In motar haya ce, ki biya kuɗin kujera biyu, ya fi maki sauƙi nesa ba kusa ba. Wahalar motar haya ba a tafiya take ba, a jiran cika take. Ki ajiye jaka ta kama maki wuri, ku koma inuwa, sai saura mutum ɗaya ko biyu ku shiga. Motar da ta daɗe a rana, ki taɓa kujera da ƙarfen bel da bayan hannunki kafin ki zaunar da shi, suna ƙona fata. Kuma ko sayen ruwa za a sauka yi a Mashi, a sauka da shi. Mota a tsaye a rana cikin 'yan mintoci take zama tanda, sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Amai a mota: a ba shi abinci mara maiƙo awa ɗaya kafin tashi, kada a cika mashi ciki, kada a ba shi waya ya kalla, a bar iska tana shigowa, a kuma rage turare. Leda da tsumma su kasance a hannu, ba a but ba.

Cikin gari, a Keke Napep yaro a tsakiya yake zama ko a cinyar wanda ke tsakiya, don gefe a buɗe yake kuma shan kwana sau ɗaya ya isa ya faɗo. Mashin in da hali a bar shi. In ya zama dole, salansa a dama take, a hau a sauka ta hagu, a tattare hijabi da zani kada su shiga taya, a lura da ƙafar yaron kada ta leƙa cikin wayoyin taya ta baya. Ɗora yaro a kan tanki ba dabara ba ce.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne ƙofar gida lokacin sallama. Kowa na gaisawa, direba ya sa ribas, yaro mai tsawon da bai kai but ba ba ya fitowa a madubi. Kafin kowace mota ta motsa, a ga yaron a hannun wani, a ɗauke, ba a tsaye kusa da shi ba.

Gwaggo Mai Jikoki (Daura):

'Yata, Allah Ya kawo ku lafiya. Hanya awa ɗaya da 'yan kai ce, gidan biki kuwa kwana biyu ne, don haka can ne aikin yake.

Gidan da ya cika da mata hamsin shi ne gidan da yaro ya fi zama ba mai kallonsa, saboda kowa ta ɗauka wata na gani. Ki sa wannan a ranki. Duk lokacin da za ki shiga wanka, salla ko ɗakin amarya, ki damƙa shi hannu da hannu ga mace guda babba, ki kira sunanta, ki ce ga shi nan a hannunki har in fito, ta amsa. "Ku duba mani shi" da ake jefawa tsakar gida ba amana ba ce. Kuma 'yar shekara bakwai ko takwas ba mai raino ba ce a irin wannan rana. Da an buga kiɗa ko an fara rabon alewa za ta dire shi.

Da kun sauka, kafin ki kwance kaya, ki zaga gidan sau ɗaya kina duban ƙasa, daidai tsayinsa. Rijiya a rufe take, kuma murfin yana da nauyi? Ina aka jera bokitai, bahon wanki da randuna? Yaro mai wannan shekaru kansa yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya fitowa, ba ya kuma iya ihu, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa. Sai wurin girki: tukwane a ƙasa, kaskon suya, da tokar murhu da ake gani fari alhali garwashi na ƙarƙashi. Sai kaskon turaren wuta da ake ajiyewa bayan ƙofa ko ƙarƙashin kabbasa. Sai gorar lemo da aka zuba kalanzir ko fetur na janareta, wadda yaro mai jin ƙishi zai ɗauka ya kafa kai. Sai maganin ɓera da fiya-fiya a lungu. Sai jakunkunanmu mu tsofaffi, da ƙwayoyin hawan jini da na suga a ciki, a yashe a kan katifa. Abin da za a ɗaga a ɗaga, abin da za a kife a kife. Ba rashin kunya ba ne ki roƙi matar gida, kowace uwa ta san dalili.

In tsautsayi ya sa ya sha kalanzir, kada a sa mashi yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura mashi manja ko madara. Amai ne ke kai shi huhu, can ne yake ɓarna. A cire kayan da ya jiƙe, a tafi asibiti da gorar. In ƙuna ce, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti ashirin, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, ko gishiri.

Kwalliya kuma a sassauta. Shadda mai sitaci da hula da takalmi sau-ciki, a sa mashi a ɗauki hoto, minti talatin a cire, a mayar da shi 'yar shimi. Ƙurajen zafi a wuya da hammata daga nan suke. In kin goya shi, kada ki lulluɓe kansa da hijabi mai kauri, ki bar fuskar a waje ta gefe, ki riƙa kai hannu kina taɓa ƙeyarsa. Wurin masu kiɗa kuma ki nisanta shi da lasifika: in sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, ƙarar ta fi ƙarfin kunnensa.

Barcin rana kada ki yarda ya wuce. Tun da safe ki nemi ɗaki mai shiru, ko a maƙwabta ne, ki shimfiɗa zanin da ya san ƙanshinsa. A ƙasa, ba bisa gado mai tsawo ba, ba kuma inda ake jibge mayafai da jakunkuna ba. Da dare gidan sauro, ko da ana cewa ba sauro a bazara, kuma nesa da inda janareta ke hayaƙi.

Kan ƙiwa: za a yi ta miƙo hannu ana zo in gan ka, shi kuma zai maƙale. Ki bar shi a jikinki minti goma sha biyar na farko, ya kalli mutane daga nan. Wanda aka ƙwace da ƙarfi shi ke wuni yana kuka. Ki ce masu bai huce gajiya ba, magana ta ƙare.

In kun samu sarari kuka je ganin rijiyar Kusugu, ku je da sanyin safiya, yana goye ko a kafaɗa.

Maman Ɗan Yaye (Ƙofar Ƙaura, Katsina):

Allah Ya saka da alheri, Anti, Baban Yara da Gwaggo, na rubuta duka. Saura biyu. In ya faɗi yana birgima a kasuwa ko gaban mutane, me ake yi a lokacin? Sannan babansa na son ya kai shi kallon hawan Salla a Ƙofar Soro, shekarunsa sun kai?

Malamar Raino (Ƙofar Marusa, Katsina):

Maman yaro, birgima a wannan shekaru ba rashin tarbiyya ba ce. Yana son abu, bakinsa bai kai ya faɗa ba, kuma bai iya danne zuciya ba tukuna. Tana yawaita tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku, tana raguwa in magana ta zauna.

Lokacin da ta faru, ki fara duba wurin. In bakin titi ne ko kusa da wuta, ki ɗauke shi cak ta ƙarƙashin hammata ki matsa gefe. Kada ki fizge shi ta hannu ɗaya, kada kuma a riƙa lilo da shi ta hannuwa: gwiwar hannun yara ƙasa da shekara biyar tana saurin gocewa, sai ki ga ya saki hannun ya ƙi ɗaga shi. In wurin ba haɗari, ki durƙusa daidai shi, ki faɗi magana ɗaya gajera, "na san kana so, ba za a saya ba", ki yi shiru. Dogon bayani a lokacin ba ya shiga. Yawanci cikin 'yan mintoci take sauka, sai ki ba shi ruwa, ki rungume shi, ku ci gaba. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a ce a'a sau uku, a na huɗu a saya saboda idon mutane. Ya koyi ke nan cewa kuka mai tsawo shi ke biya. In kin san za ki saya, ki saya tun farko. Duka kuma ƙara tsawon kukan yake yi. Haka tsoratarwa da "za a yi maka allura": ranar rigakafi ke za ki sha wahalarta.

Rabin birgimar ana kashe ta tun a gida. A fita bayan ya ci ya yi barci. A faɗa mashi inda za a je da abin da za a yi, da kalmomi kaɗan. A ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk kin yarda da su, wannan takalmin ko wancan. A ba shi aiki, ya riƙe 'yar leda mai albasa biyu. Kafin a tashi daga inda yake jin daɗi, a yi mashi gargaɗi sau biyu. Babbar kasuwa kuwa, in za ki wuce minti arba'in a ciki, goyo ya fi, ko a bar shi gida, don tsayinsa daidai yake da kafaɗar baro da salansar mashin.

Hawan Salla, ra'ayina bai kai ba a cikin turmutsutsu. Akwai harbin bindigogin gargajiya, akwai dawakan da ke zabura, akwai tsayuwar awanni a rana, kuma in jama'a suka ture ba wanda ke ganin na ƙasa. In babansa ya matsa, to daga nesa, a kan hanyar da ayarin ke bi ba a filin Ƙofar Soro ba, a wuri mai tudu ko barandar gidan wani, da hanyar fita a bayansu, minti talatin su juyo. Ya fi mashi amfani a kai shi gidan da ake shirya doki da safe, ya ga ana ɗaura sirdi da kayan ado daga hannun babansa, ta gaba, ba ta bayan dokin ba.

Duk fitar da za a shiga jama'a, a ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa a ranar, a rubuta lambar waya a filasta a manna a bayan rigarsa inda hannunsa ba ya kaiwa. Ɗan shekara biyu bai iya faɗin sunan babansa ko unguwarsu ba. In aka neme shi aka rasa, wurin ruwa ake fara dubawa, sannan titi, sannan sauran wurare. A ɗaga murya a faɗi kamanninsa, "yaro ɗan shekara biyu mai jar riga", ba sunansa kawai ba, a tura wani masallaci mafi kusa a yi sanarwa, wani gidan mai unguwa.

Fitar da ta fi dacewa da shi ƙarama ce kuma kullum: bayan la'asar a zaga unguwa, ya ga awaki da tantabaru, ya taka yashi, kina faɗa mashi sunan abin da ya nuna. Yara masu wannan shekaru ana so su samu motsin jiki na awa uku a yini, a rarrabe, kallon waya kuma kada ya wuce awa ɗaya. Harabar gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina ta ishe shi zagaye da safe. Hasumiyar Gobarau a nuna mashi daga ƙasa, hawa sai ya girma.

Anti Nas (Daura):

Na dawo saboda Gwaggo ta ambaci rabon alewa. Ƙanwata, gyaɗa, aya, gurjiya, alewa mai tauri, cingam, dabino da ƙwallonsa, da guntun nama ko rake, duk suna shaƙe yaro ƙasa da shekara huɗu, don bai iya niƙa su sosai da turamensa ba tukuna kuma maƙogwaronsa bai fi ɗan yatsansa faɗi ba. A gidan biki kowa miƙa mashi zai yi, ki riƙa buɗe hannunsa da bakinsa kina dubawa. Ya ci a zaune, ba yana gudu ba, ba kuma a mota tana tafiya ba.

In ya shaƙe yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kada ki zura yatsa kina lalube. In ba sauti, ba kuka, ba numfashi, ki kifa shi a cinyarki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In bai fito ba, ki koma bayansa, ki dunƙule hannu a saman cibiya ƙasa da ƙashin ƙirji, ki danna ciki da sama sau biyar. Ki yi ta maimaita biyar da biyar, wani kuma ya nemo mota tun a zagayen farko. Ƙaramin batir mai kamar kwabo, irin na agogo da kayan wasa masu wuta, in ya haɗiye shi asibiti nan take ko da yana wasansa, saboda cikin awa biyu yake fara ƙona maƙoshi.

Ki duba katinsa kafin tafiyar: allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15, da ɗigon bitamin A na duk wata shida. In akwai wadda ta wuce shi, ki kai shi a yi mashi a wannan satin.